Biyar Ta Fi Huɗu

Lissafin fawa fakta na koye shi ne a makarantar da ba ta da wuta. Ba habaici nake yi ba. Kwalejin fasaha ce, sashen lantarki, amma a shekara biyun da na fara yi a can ban taɓa ganin fankar ajinmu ta juya ba sai in iska ta shigo ta taga. Shekarun nan ne da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, taki ya ɓace, fetur ya koma hannun 'yan bumburutu, malamai kuma suna shiga yajin aiki suna fita kamar masu zuwa bayan gida.

Malaminmu wani dogo ne da ke karya alli gida uku don ya kai shi ƙarshen mako. Kullum sai ya zana alwatika a allo, ya kaɗe hannu, ya ce, "Ku buɗe kunne, don ba zan maimaita ba." Sai kuma ya maimaita sau huɗu.

"Wutar da ke kai da komo, irin ta gida da ta janareta, in ta shiga moto ba duka take zama aiki ba. Ka ɗauki bolt ka ninka da amfiya, wannan shi ne kayan da janareta ke ɗauke da shi a wuya, kebiye ake ce masa. Abin da ya zama aiki na gaske, ya juya ƙarfe ya niƙa hatsi, shi ne kilowat. Ka raba kilowat da kebiye, abin da ya fito sunansa fawa fakta. In ɗaya ce cif, ka more. In ta sauko sifili da ɗigo bakwai, to janaretanka na ɗauke da goma, bakwai ne kawai ke maka aiki. Sauran na zirga-zirga a cikin waya suna ɗumama ta a banza."

Muna da mita guda ɗaya ta auna abin, tana kulle a kabad. Sau ɗaya aka fito mana da ita, muka bi layi muka kalle ta, ba a yarda kowa ya taɓa ba, aka mayar aka rufe. Duk da haka na iya lissafin nan, wallahi na iya shi. Ko daga barci ka tashe ni zan zana maka alwatikar. Na fi kowa maki a ajinmu, kaina kuwa ya kumbura har hula ta daina zama.

A ƙauyenmu, can gefen Tsanyawa, tun ranar da na tafi kwaleji aka raɗa mini Injiniya. Ƙauyen da ko ƙwan lantarki ɗaya babu! Falwaya dai akwai, guda tara, an kafa su ana gab da wani zaɓe, aka ce waya na nan tafe. Mata suka ga sun yi daidai da ɗaure awaki, kuma har na girma aikin da suke yi ke nan.

Da malamai suka shiga wani dogon yajin aiki sai na tattaro littattafaina na dawo gida. Na tarar da wani ƙaton moton lantarki a zaurenmu, an shimfiɗa masa buhu, an rufe shi da tsohon bargo kamar mai jego. Na Baffa ne, ƙanen Baba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wata masana'anta a birni, da aka rufe ta sai aka ce babu kuɗin sallama, kowa ya ɗauki abin da ya samu. Wasu sun samu kujeru, wani ya samu ƙofa, Baffa ya samu moto. Ya kawo shi gida a bayan akori-kura yana ta murmushi, da shawararsa a baki: a haɗa moton da injin niƙa, a sayi janareta, matan ƙauye bakwai su daina tafiya Tsanyawa da ƙwarya a ka.

Abin da za a sayi janaretan da kan injin da shi kuwa abu ɗaya ne a gidanmu, shanun huɗar Baba. Biyu ne, fari da ja. Gonakinmu a matse suke, iyakar wannan ita ce kunyar wancan, ba mai babbar gonar da za ta ci da shi shekara. Shanun nan su ke cike giɓin. Su yi mana huɗa da wuri, Baba ya kai su gonakin mutane ya dawo da hatsi, kashinsu kuma shi ne takinmu tun da na buhu ya zama labari. Baba da hannunsa yake ba su harawa. Ban taɓa jin ya yi wa ɗan adam magana da taushin da yake yi wa jan san nan ba.

Ni kam bai taɓa yi mini maganar ba ma, mai taushi ko mai kaushi, don ni ne ɗan fari. Baba ba ya kiran sunana, ba ya zama tabarma ɗaya da ni, in mun haɗu a zaure na durƙusa na gaishe shi, bango yake kallo ya amsa. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Gwaggo, yayarsa, wadda ta dawo gida bayan mijinta ya rasu. In Baba na da magana da ni sai ya ce mata, "Ki gaya wa ɗanki." In ni ke da magana, ta bakinta za ta bi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya sani. Mutumin nan ya sayar da buhunan gyaɗa ya kai ni kwaleji, amma ko sau ɗaya bai tambaye ni me ake koya mana ba.

Kwana biyu da dawowata Gwaggo ta kira ni tana tsince wake.

"Ubanka ya ce ka duba ƙarafan nan. In ka ce a yi, za a yi."

Kai, ranar na ji ni wani ne! Na saka rigar makaranta duk da ana yajin aiki, na maƙala biro biyu a aljihu. Na yaye wa moton bargo, na goge farantin da ke jikinsa da yawu da gefen riga. An rubuta kilowat huɗu, fawa fakta sifili da ɗigo bakwai. Daga nan ni da Baffa muka hau bas zuwa Tsanyawa, wurin wani ɗan kasuwa da ke son rabuwa da janaretansa. A jikinsa an rubuta kebiye biyar.

Baffa ya buga tafi. "Ka gani? Biyar! Moto na son huɗu, ga biyar. Har da rarar ɗaya ta kunna fitila a masallaci."

A nan tsaye na yi lissafin a ka. Huɗu in ka raba ta da sifili da ɗigo bakwai, biyar da ɗigo bakwai za ta ba ka, tun nan an wuce ƙarfin janaretan. Ka ƙara abin da tsohon moto ke ɓarnatarwa a zafi, an haura shida. Wannan fa in ya riga ya tashi yana gudu ke nan. Lokacin tashi, moto ninkin ba ninkin abincinsa yake zuƙa.

Na ce, "Baffa, ba zai ja ba. Biyar ɗin nan da huɗun can ba jinsi ɗaya ba ne."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Shekara goma sha ɗaya ina tare da moton nan."

Gaskiya ne, yana tare da shi. Shara yake yi a ɗakin da moton yake. Amma wannan ba maganar da ɗa zai gaya wa baffansa ba ce, sai na haɗiye.

Da la'asar ya kai ƙarata majalisar ƙofar masallaci, inda duk wani ilmi na duniya yake zaune a kan tabarma biyu. Aka kira ni. Na tsuguna na zana musu alwatika a ƙasa da tsinke, na fara zuba: wannan gefen kilowat, wannan kebiye, wannan kusurwar ita ke nuna yadda amfiya ke biyo bayan bolt. Rabin maganar da Turanci nake yin ta, don su san ba a banza aka sayar da gyaɗar ba. Allah ya yafe mini, so nake a ce na iya, fiye da yadda nake so a gane.

Wani tsohon dillalin gyaɗa ya bari sai da na gama, ya tofar da goro ya ce, "Injiniya, tun ba a haifi uwarka ba nake awo. Tambaya ɗaya zan yi maka. Biyar da huɗu, wacce ta fi?"

Na ce, "Biyar, amma..."

"To alhamdu lillahi, karatun bai tafi da hankalin duka ba."

Aka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Wani ya ce ai dama boko haka take, sai ta ɗauki abin da jariri ya sani ta murɗe shi. Wani ya ce shi ya taɓa hawa jirgin ƙasa, saboda haka ya san inji. Na tashi ina huci. Wata akuya ta bi ta kan alwatikata ta wuce.

Na koma ɗaki na yago takarda daga tsakiyar littafina, na rubuta lissafin tsaf, layi bayan layi, da zanen alwatika da jan biro. A ƙasa na ja layi biyu na rubuta cewa janaretan ya yi kaɗan, kada a saya. Da boko na rubuta, alhali na san Baba ajami kawai yake karantawa. Na kai wa Gwaggo.

"Ki gaya wa Baba na ce kada ya sayar da shanun. Injin ba zai tashi ba."

Ta ajiye faifan da ke hannunta. "Ka ce me? Kada? Kai ne za ka aika wa ubanka da kada? A bakina? Haba ɗan nan, ina ka bar kunyarka, a makarantar?"

"Gwaggo, shi ya ce in duba!"

"Ya ce ka duba, bai ce ka hana ba. Kawo nan. Na san yadda zan gyara maganar ta shiga kunne."

Ta kuwa gyara ta. Daga baya na ji yadda ta isar. Ta miƙa masa takardar da hannu biyu ta ce, "Ɗana ya duba. Ka ga har takarda ya cika da lissafi. Ya ce ƙarfen mai nauyi ne, a yi a hankali, a haɗa da addu'a." Ita a ganinta ta faɗi komai, duk mai hankali ya ji "a yi a hankali" ai ya san da magana a ƙasa. Baba ya karɓi takarda, ya ga lambobi reras da jan zane, ya ninke ta ya saka a aljihu. Da magariba aka ji shi a ƙofar masallaci yana cewa, "Yaron nan ya duba." Baffa kuwa, da ya san abin da na ce, ya bar maganar a haka.

Ranar kasuwar Tsanyawa da hantsi ina zaune a zaure sai na ji takun shanu daga cikin gida. Baba ne ya fito da su da kansa, an wanke su, farin a gaba, jan a baya. Na zame daga kan dakali na durƙusa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya," in ji shi, yana kallon bango.

Sai ya tsaya. Ya sunkuya yana gyara igiyar wuyan jan san. Ya kwance, ya ɗaure, ya ja, ya sake taɓawa. Ni ina durƙushe, maganar na nan a maƙogwarona, kalma huɗu ce ko biyar. Na ce a raina ai Gwaggo ta gaya masa, ya ji ya ƙi ne. Na ce a raina ai majalisa ta riga ta yi mini dariya, in na sake magana a ce ɗan fari ya tare ubansa a zaure. Na ce abubuwa da yawa a raina. Da bakina kuwa abin da ya fito shi ne, "Allah ya kiyaye hanya."

Ya ce, "Amin." Ya ja shanunsa ya fita.

Mako biyu aka yi ana haɗa inji a wata rumfa da aka kafa a ƙofar gida. Ranar gwaji garin kaf ya hallara. Mata sun jero ƙore cike da gero da dawa tun daga bakin rumfa har gindin falwaya ta uku. Liman ya yi addu'a. Tsohon dillalin nan ya samu wuri a gaba, ya harɗe. Aka zuba fetur ɗin bumburutu, Baffa ya naɗe hannun riga ya ja igiya, janareta ya tashi da ruri, mata suka rangaɗa guɗa.

Sai ya kunna moton.

Moto ya yi gurnani, bel ya motsa kamar taku ɗaya, muryar janareta ta shaƙe, sai ɗan makunnin nan da ke yanke wuta da kansa in kaya ya yi yawa ya yi ƙas. Shiru.

"Sanyi ne," in ji wani. "Ya daɗe a kwance."

Aka sake, ƙas. Aka sake, ƙas. Majalisa ta shiga aiki. Wani ya ce an haɗa fetur ɗin da kananzir. Wani ya ce moton birni ne, bai saba da iskar ƙauye ba. Mai hawa jirgin ƙasa ya ce a zuba masa ruwa. Wata tsohuwa ta ce tun da safe ta ga wanda ya zo ya tsaya yana kallon injin bai ce tubarkalla ba. Ba wanda ya waiwayo ya tambayi Injiniya, ni ma kuma na noƙe a bayan mutane ina jin wani mugun daɗi a ƙasan raina, wai gaskiyata ta fito. Dubi wauta! Shanun ubana sun tafi, ni ina murnar na ci jarrabawa.

Sai na hango Baffa ya yanko robar tayar keke.

"Wannan ɗan makunnin ne matsoraci," in ji shi. "Da an taɓa shi sai ya faɗi. Bari in ɗaure shi ya koyi jarumta."

Ya ɗaure shi tam. Kafin in kutsa ta cikin mutane ya ja igiya ya kunna. Moto ya yi ta gurnani ba ya juyawa, janareta na kakari, ni kuwa na ji wata murya ta fasa taron tana cewa, "Ku kashe! Baffa, ka kashe shi, zai ƙone!" Tawa ce. Ranar na fara ɗaga murya a gaban Baba tun da aka haife ni, ranar da ba ta da sauran amfani. Hayaƙi ya riga ya turnuƙe, warin ƙonanniyar waya ya cika rumfar. Janareta ya yi tari biyu ya mutu.

Mata suka ɗauki ƙorensu ɗaya bayan ɗaya suka kama hanyar Tsanyawa. Tsohon dillali ya tashi yana kaɗe riga, ya ce shi dama tun farko bai yarda da fuskar mai janaretan ba. Mai janareta kuwa da aka koma masa cewa ya yi lafiya lau ya sayar, a tambayi wanda ya ɗaure makunni. Mai gyara ya duba ya ce naɗin wayar ciki ya ƙone ƙurmus. Kafin wata ya ƙare Baffa ya koma birni neman aikin gadi. Moton aka mayar da shi zaure, kaji suka samu wurin kwana.

Baba bai ce wa kowa komai ba. Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba, kuma ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Damina ta faɗi, yajin aiki bai ƙare ba. Masu shanu kowa na fama da tasa gonar, sai sun gama za su waiwayi ta wani, huɗa kuwa ba ta jira. Baba ya sauko da garmar hannu daga saman rumbu, wadda rabonsa da ita tun ina goye. Na ɗauki ɗaya na bi shi. Muka yi ta yi, shi kunya ɗaya ni kunya ɗaya, ba mai ce wa wani sannu. Abin da shanu ke gamawa kafin azahar mu sai mu kwana uku a kai. Hannuna ya yi kanta ya fashe. Nawa mai sauƙi ne. Mutumin da furfura ta cika wa gemu, in ya kai ƙarshen kunya sai ya dafa ƙugu ya daɗe kafin ya miƙe, ni kuma ina bayansa ina kallo. Na tsani kaina a gonar nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Rana ta huɗu da hantsi muka zauna hutawa a gindin ɗorawa, shi can ni nan. Sai na ga ya sa hannu a aljihu ya fito da takarda, ta yi laushi don gumi, jan biron ya baje. Ya ajiye ta a ƙasa tsakaninmu, ya ɗora mata ɗan dutse. Ya kalli gona ya ce, "A karanta mini abin da ke cikin nan."

Na ɗauka. Na buɗe baki zan fara da kilowat, sai na ji kunyar kalmar. Na haɗiye ta, na ce, "Baba, ka san jan san nan, yadda yake karkata gefe in yana jan garma?"

"Tun yana ɗan maraƙi."

"To yana ja da ƙarfinsa duka, yana gumi, yana cin harawarsa cif. Amma ba duk ƙarfin ke tafiya gaba ba, wani na tafiya gefe. Moton nan haka yake. Aikin huɗu yake yi, amma saboda karkatarsa sai ya ci ƙarfin shida da wani abu. Janaretan kuwa biyar gare shi. Tun ba a kunna ba an fi ƙarfinsa."

Ko daƙiƙa bai ɗauka ba. "Shi ya sa nake rage masa igiya ta ɓangaren hagu," in ji shi. "Sai ya miƙe."

Na ce ai a lantarki ma akwai abin da ake ƙara wa moto don a rage masa karkata, kafasita ake ce masa, ko da yake wannan janaretan ko da shi ba zai tayar da moton ba. Ya gyaɗa kai. Abin da na yi zango guda ina haddacewa, abin da majalisa ta yi wa dariya, mutumin nan ya gane shi kafin ƙuda ya tashi daga kan gwiwarsa.

"A ƙasa, inda aka ja layi biyu, me aka ce?"

"An ce kada a saya."

"Yaushe aka rubuta?"

"Kwana uku kafin kasuwa."

Can gonar maƙwabta wani na kora shanunsa, muna jin muryarsa. Ina jira ya yi faɗa, wallahi da ya zage ni da na ji sanyi. Sai ya miƙo hannu, na ba shi takardar, ya ninke ta yadda take ya mayar aljihu. Har yanzu gonar yake kallo.

"Ranar kasuwar," ya ce, "da na tsaya a zaure ina gyara igiyar jan nan, lafiyarta ƙalau. Ba abin da ya same ta."

Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ɗauki garmarsa ya koma kan kunyar da ya bari. Na ɗauki tawa na bi bayansa.